Kwamfuta Marar Zurfin Ciki

Bara, ina shirin tafiya hidimar ƙasa, na shiga wani shagon buga takardu a garinmu Baure domin in fitar da takardar kirana. Mai shagon zai tafi sallar la'asar, sai ya ce in zauna in yi da kaina. Ina buɗe manhajar Word, sai ga jerin sunayen takardun da aka buɗe kafin zuwana. Ban je nema ba, idona ne ya faɗa kansu. Akwai koke a kan gadon gona, akwai sakamakon gwajin jini na wasu masu shirin aure, akwai kuma ƙarar neman raba aure ɗauke da sunan wata baiwar Allah da nake durƙusawa in gaida. Na yi maza na rufe, amma ido ya riga ya gani. Har yau idan mun haɗu nakan sunkuyar da kai, ita kuwa ba ta san dalili ba.

Mai shagon bai yi niyyar tona asirin kowa ba. Haka aka ƙera na'urar. Duk takardar da aka buɗe, Windows yakan ajiye sunanta da lokacin da aka buɗe ta, ya kuma jera su ga duk wanda ya zauna daga baya. Ko mutum ya zare filashinsa ya tafi da shi, ko ya goge takardar, sunan yakan saura. Sau da yawa kuma suna kaɗai ya isa tonon silili.

Masu ƙera manhajar sun ce sauƙi suka nufa, don kada mutum ya wahala wajen neman aikin da ya bari jiya. Wannan hujja ta dace da inda kowa ke da kwamfutarsa a ɗakinsa. A Baure da Babban Mutum da sauran garuruwan masarautar Daura, kwamfuta ɗaya takan yi wa unguwa guda aiki. Ɗalibi mai rajistar JAMB, da ɗan fansho, da bazawara, duk kujera ɗaya suke zama. Abin da ya zama sauƙi ga mutumin Amurka, a nan ya koma allon sanarwa a bakin kasuwa.

Na sha jin ana cewa wanda bai yi laifi ba, ba shi da abin ɓoyewa. Wannan magana ban yarda da ita ba. Kakanninmu da suka gina zaure, suka tsayar da baƙo a nan har sai ya yi sallama an amsa, ba ɓarayi suke ɓoyewa a cikin gida ba. Mutunci suke karewa. Ciwo ba laifi ba ne, bashi ba laifi ba ne, rikicin aure ma haka, amma wa zai so a karanta nasa a dandali? Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, addini kuma ya hana bin diddigin asirin mutane.

Doka ma tana tare da mu. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirri, kuma a watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Sai dai muddin dokar ta tsaya a bankuna da manyan kamfanonin Abuja da Legas, ba ta iso shagon da talaka ke kai asirinsa ba, to da sauran aiki.

Kada kuma a ce kuka ba ya magani. A 2024 kamfanin Microsoft ya sanar da wani tsari mai suna Recall, wanda ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta a kai a kai. Da masana tsaro suka yi ca, sai kamfanin ya jinkirta shi, ya mayar da shi sai mutum ya kunna da kansa. Me zai hana a yi wa jerin takardun nan haka?

Kafin wannan rana, gyara yana hannunmu. Kashe wannan jeri da share shi aikin minti guda ne a cikin saitin kwamfuta. Mai shago ya kashe shi, ya kuma goge takardar mutum a gaban idonsa kafin ya karɓi kuɗi. Mai kawo aiki ya daina jin nauyin tambaya, ya kuma guji sa cikakken sunansa a kan fayil. Mu da muka yi karatu, mu koya wa iyayenmu wannan.

Wadda na ga sunanta ta biya kuɗin buga takarda ne kawai, ba ta sayar wa kowa labarin gidanta ba. Wannan karon ni na gani, na kuma yi shiru. Wanda zai zauna a kujerar gobe, ban san irin cikinsa ba.