Bayan sallama daga asibiti: wa ke bin majinyaci gida?

A yawancin asibitocin gwamnati a arewacin Najeriya, alhakin hukuma a kan majinyaci yana ƙarewa ne ranar da aka sallame shi. Mai shanyewar ɓarin jiki, da matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, da dattijon da ciwon suga ya taɓa wa ƙafa, duk gida suke komawa. A can jinya kan faɗa kan mata ko 'ya ko suruka, waɗanda ba a koya musu wanke gyambo ko juya marar lafiya don kada kwanciya ta ci masa baya ba. Idan rauni ya ruɓe, sai a sake komawa asibiti da kuɗin da babu.

A rubuce, tsarin bin mutane gida ya daɗe. Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka gina lafiya matakin farko a kan ƙananan hukumomi, aka kuma horar da jami'an lafiyar al'umma domin su riƙa shiga unguwanni. Ƙarancin ma'aikata ya ɗaure da yawansu a ɗakin shan magani. A 2018 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa domin farfaɗo da ziyarar gida-gida, sai dai hankalinsa ya fi karkata ga masu juna biyu da ƙananan yara.

Yaƙi da shan inna ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Mata masu rigakafi sun shiga lungu da saƙo har aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Najeriya. Amma wannan aiki kamfe ne na 'yan kwanaki, kuma masu tallafi daga waje ne suka ɗauki babban kaso na kuɗinsa. Awon hawan jini da na suga, da duba mai murmurewa, aiki ne na kowane mako, wanda ke buƙatar albashi tsayayye. Habasha ta gane haka tun 2003, lokacin da ta fara ɗaukar mata biyu a kowace gunduma aikin lafiya, da albashin gwamnati.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun lafiya na BHCPF, amma kashi 10 kacal na asusun aka keɓe wa bunƙasa ma'aikata. Gini da fenti sun fi ma'aikaciyar jinya kyau a hoton yaƙin neman zaɓe.

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya rage wa ciyamomi hujjar cewa gwamna ya riƙe kuɗi, duk da cewa aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Matasan da ke bibiyar kasafi suna da tambayoyi uku da za su kai wa kansila da ciyaman: jami'an lafiya nawa ne a mazaɓa, gidaje nawa suka shiga a watan jiya, kuma wa ke biyan kuɗin man babur ɗinsu?