Zanzibar: Wace Gaɓar Teku Ta Dace da Mai Iyali?

Wani daga cikin masu karanta wannan fili ya aiko mana da takarda, yana cewa Allah ya hore masa ɗan abin hannu, yana so ya kai iyalinsa hutun mako guda a tsibirin Zanzibar, amma masu sayar da tikiti sun jera masa hotunan bakin teku iri-iri har ya rasa na zaɓe. Tambayarsa ita ce, wane wuri ne ya fi dacewa da Musulmi mai mata da yara ƙanana?

Shawararmu ta farko ita ce ya ajiye hotunan nan tukuna. Ba ƙarya suke yi ba, gama farin rairayi da itatuwan kwakwa da ruwa garau suna nan kusan ko'ina a kewayen tsibirin. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne inda ruwan zai kasance bayan awa shida, da kuma abin da a kan yi a wurin bayan an yi sallar lisha.

Ita dai Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, ta haɗu da Tanganyika a 1964 suka zama ƙasar Tanzaniya. Babban tsibirinta, wanda maziyarta suka fi sauka, sunansa Unguja, tafiyar wajen awa biyu ce a jirgin ruwa daga Darussalam. Kusan dukan mutanensa Musulmi ne, saboda haka maganar nama ko masallaci ba za ta tayar wa baƙo hankali ba.

To, ga batun ruwa. Teku ya kan ciko ya janye sau biyu a yini da kwana. A gefen gabas na Unguja, watau wajen Paje da Jambiani da Matemwe, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce har zuwa wani shingen duwatsun murjani da ke can cikin teku, don haka idan ruwa ya janye ya kan yi nisan kilomita guda ko fiye. Wanda ya biya kuɗin ɗaki domin ya yi iyo duk sa'ad da ya ga dama, sai ya buɗe taga da hantsi ya tarar da fili fetal, kwale-kwale suna kwance a kan rairayi. Wannan fili yana da daɗin yawo ga yara, amma fa a sa musu takalmi, domin akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙalewa cikin duwatsu. Sa'an nan a tambayi mutanen masauki lokacin dawowar ruwa kafin a yi nisa, gama ya kan fara cika kwaruruwan da ke bayan mutum tun yana ganin gabansa a bushe.

A nan mai lissafin watan Musulunci ya fi sauran maziyarta sa'a, domin motsin tekun da wata yake tafiya. A farkon wata da tsakiyarsa cikowa da janyewa suka fi ƙarfi, masuntan wurin suna kiran wannan lokaci bamvua. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa bambancin ya kan ragu. Ke nan tun daga gida mutum yana iya duba kalanda ya san irin tekun da zai tarar.

A ƙuryar arewa, a Nungwi da Kendwa, ƙasar tana da gangara, ruwa ba ya gudu da nisa, ana iya shiga kusan kowane lokaci, ga kuma kallon faɗuwar rana a cikin teku. A Nungwi har yanzu ana sassaƙa jiragen katako da hannu a bakin ruwa, akwai kuma wurin da ake kiwon kunkuran teku, abin da yara za su so ƙwarai. Amma wannan kyan shi ya jawo cunkoson otel-otel da mashaya. A Kendwa a kan yi wani bikin rawa da kiɗa har tsakar dare a kusa da cikar kowane wata. A 2021 gwamnatin Zanzibar ta ja kunnen maziyarta game da yawo cikin gari da shigar banza, har da tara, amma a bakin ruwa da cikin otel kowa da kayan wankansa yake. Mai iyali ya san da wannan kafin ya biya.

Mu a ganinmu, wanda ya yi mana tambaya ya nufi gabas, ya haƙura da iyo sai lokacin cikowa. Sai dai gabas ɗin ma ba ɗaya ba ce. Paje ta zama matattarar samari masu wasan sulu a kan ruwa, iska tana jansu da wani ƙyalle mai kama da laima, kuma ita ma ba ta rasa hayaniya da dare. Jambiani, wadda ke kudu da ita kaɗan, ƙauye ne dogo a miƙe a bakin teku, masaukai ƙanana a tsakanin gidajen mutane, ana jin kiran salla. Da ruwa ya janye sai a ga mata cikin zannuwansu sun shiga gonakin ciyawar teku, sana'ar da aka fara a yankin a 1989. Matemwe a arewa maso gabas ita ma shiru ce, ƙauyen masunta ne da ke fuskantar ɗan tsibirin Mnemba. A irin waɗannan wurare matar da ta shiga ruwa da suturarta ba za ta zama abin kallo ba.

Akwai wani abin lura ga wanda ya saba da cewa alƙibla gabas ce. Zanzibar tana kudu da Makka kusan a kan layi ɗaya, saboda haka can arewa ake fuskanta. Wanda ya shimfiɗa darduma a Jambiani ya dubi hudowar rana ya kauce. Haka kuma yawancin mutanen wurin Shafi'awa ne, za a ji liman ya bayyana bisimilla kafin Fatiha, ya kuma yi alƙunutun asuba bayan ruku'u. Kada wannan ya sa baƙo ya yi shakkar bin jam'i.

Duk inda aka sauka, a ware yini guda don Kizimkazi a ƙuryar kudu. Yawancin maziyarta kallon dabbar ruwan nan dolfin ke kai su, amma a unguwar Dimbani akwai masallacin da ke ɗauke da rubutun Kufi mai tarihin shekara ta 500 bayan Hijira, daidai da 1107. An sake gina mafi yawansa a ƙarni na 18, kuma yana cikin masallatai mafi daɗewa a gaɓar gabashin Afirka.

Game da lokaci, a kauce wa babbar damina, daga Maris zuwa Mayu. Daga Yuni zuwa Oktoba an fi samun rani da sanyin iska. A kuma sa kuɗin inshora cikin lissafi, domin daga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen tata, dala 44 ga babban mutum, ko da yana da wata daga gida.