Digirin ji-ta-ji-ta: wa ya raba ɗaliban "siko" da ɗakin littattafai?

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ake kare memuwar ya san yadda bikin yake tafiya. Ɗalibi ya sha babbar riga, dangi sun cika kujeru, lemo yana jira cikin ƙanƙara a bakin ƙofa, malamai suna juya shafuka suna gyara tabarau. A ƙarshen kundin kuwa ga jerin littattafai nan reras: Freud, Piaget, Wallon, Bandura, kowane da shekararsa da birnin da aka buga shi. Tambaya guda ce ba a cika yi ba, domin kowa ya san za ta ɓata biki: a cikin waɗannan littattafai, guda nawa hannun ɗalibin ya taɓa?

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Da yawa daga cikin masu karatun ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ɗalibai suke yi wa laƙabi da "siko", suna gama shekara uku har biyar da abu biyu kacal a jakarsu: polikopin malami da memuwar ta wani yaya da ya riga su fita. Shi ma yayan daga wata memuwar ya kwaso, ita kuma daga wata. Haka magana take yawo daga hannu zuwa hannu, kuskuren rubutun suna da na shekara suna biye da ita kamar jela, har ta zama gaskiya don yawan maimaitawa. Abin takaicin shi ne, wannan yana faruwa a ƙasar da almajirin zaure ya san ba a karɓar hadisi sai an duba isnadinsa, wa ya ji daga wa, kuma mai ruwayar amintacce ne ko mai rauni. Abin da malaman hadisi suka kafa fiye da shekara dubu da ta wuce, shi ne ake yaye mai lisansi ba tare da an koya masa ba.

Wani zai ce ai cutar ta game dukan fannoni, don me za a ware wannan? An ware shi ne domin fanni ne da shahararrun labaransa suka yi ta rushewa a ƴan shekarun nan, kuma a ɗakin littattafai aka rushe wasu daga cikinsu.

Ga misali guda da ya isa a tsaya a kansa. A shekarar 1971 wani malamin jami'ar Stanford ta Amurka, Philip Zimbardo, ya mai da ƙarƙashin benen sashensu gidan kaso na wasa. Ya zaɓi samari 24, aka raba su da ƙuri'a, wasu gandirobobi wasu fursunoni. An shirya yin mako biyu, amma aka tsai da gwajin bayan kwana shida, wai don gandirobobin sun rikiɗe sun zama azzalumai da kansu. Darasin da aka ciro shi ne cewa kaki da iko kaɗai sun isa su mai da mutumin kirki mugu. Kusan shekara hamsin ana koyar da wannan a duniya, ana sa shi a jarrabawa. Sai wani Bafaranshe mai bincike, Thibault Le Texier, ya yi abin da dubban malamai ba su yi ba: ya koma ga takardu da faya-fayan gwajin da ke ajiye a ma'adanar jami'ar, ya karanta, ya saurara. Ya tarar an yi wa gandirobobin huɗuba tun farko a kan irin halin da ake so su nuna, har akwai muryar da aka ɗauka ana matsa wa wani daga cikinsu lamba ya ƙara tsanani. Ya fitar da littafinsa da Faransanci a 2018, sannan maƙala a mujallar ƙungiyar masana fannin ta Amurka a 2019. Zimbardo ya musanta, ya kare aikinsa har ya rasu a 2024. Ba dole ne ɗalibin Yamai ko na Damagaram ya bi bayan ɗaya daga cikinsu ba. Amma wanda ya kawo gwajin Stanford a memuwarsa yau kamar wahayi, bai ma san an yi gardamar ba, wannan bai yi karatu ba, tallar tsohon kaya ya yi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2015 wata babbar ƙungiyar masu bincike ta sake gwada ayyuka 100 da aka buga a manyan mujallu uku na fannin. 97 daga cikinsu sun ce sun sami tabbataccen sakamako a karon farko, amma da aka maimaita, kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da irinsa. A 2011 asirin wani farfesa na Holan, Diederik Stapel, ya tonu, ashe ƙirƙiro alƙaluma yake yi a ofishinsa, aka janye maƙalunsa fiye da hamsin. Maƙalun nan ba su ɓace daga intanet ba, suna nan suna jiran wanda bai iya duba ko an janye aiki ba.

Akwai kuma abin da ya fi shafar ƙasar nan kai tsaye. A 2008 Jeffrey Arnett ya ƙirga mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallu shida tsakanin 2003 da 2007. Kashi 68 cikin 100 Amurkawa ne, Afirka kuwa ba ta kai kashi ɗaya ba. Ke nan abin da littafi yake kira "halin ɗan Adam", sau da yawa halin ɗalibin wata jami'ar Amurka ne. To, ina masu digirin nan suke zuwa aiki? Suna zuwa sansanonin ƴan gudun hijira na jihar Diffa, inda hare-haren Boko Haram suka fara tarwatsa garuruwa tun Fabrairun 2015. Suna zuwa Tilaberi. Suna zuwa gidajen kaso, da makarantun da ƴan mata suke faɗuwa a aji a ce iska ce, da wurin samarin da taramol ya cinye. Idan aka miƙa wa matashi takardar tambayoyi ta auna firgici, aka ce ya je ya auna matar da ta baro ƙauyenta da goyo a baya, wadda ba ta jin komai sai Barbarci, ya kamata ya iya tambaya: a kan su wa aka gwada ma'aunin nan, da wane harshe, mutum nawa, wa ya fassara shi? Wanda bai iya neman amsar wannan ba, zai rubuta wa baiwar Allah cutar da ba ta da ita, ko ya sallame ta da wadda take da ita. Kada kuma a manta cewa bugu a takarda ba shi ne gaskiya ba: a 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta buga littafin likitan mulkin mallaka na Kenya, J. C. Carothers, mutumin da ya kwatanta tunanin ɗan Afirka lafiyayye da na Baturen da aka yi wa yanka a gaban ƙwaƙwalwa. Frantz Fanon ya yi kaca-kaca da shi a 1961. Ɗalibin da aka horar ya haɗiye duk abin da ke da tambarin Turai, da zai haɗiye wannan ma.

Da an ta da maganar nan, hujja biyu ake jefowa. Ta farko ita ce talauci: babu littattafai, ƙaƙa za a yi bincike? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun faɗuwar darajar kuɗin CFA a Janairun 1994, lokacin da tamma guda ta Faransa ta tashi daga 50 zuwa 100, kuɗin littafin da ake shigowa da shi ya ninka dare ɗaya, kuma zamanin tsuke bakin aljihu ya koya wa gwamnatoci cewa ɗakin littattafai shi ne maraya, ana yanke masa abinci ba ya kuka. Amma hujjar ta tsufa. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI, wanda yake bai wa cibiyoyin ƙasashe matalauta damar karanta dubban mujallu, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. PubMed a buɗe yake. Persée yana ba da tsofaffin mujallun Faransa kyauta. AJOL yana tara mujallun Afirka. A Yamai ma, cibiyar LASDEL da aka kafa a 2001 tana saka rahotanninta a intanet ga mai so, ga kuma ɗakin littattafai na IRSH da jerin binciken da aka yi a kan ƙasar nan tun kafin a haifi iyayen ɗaliban yau. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta buga nazarinta a kan bori na ƙasar Maraɗi a 1972, Nicole Echard ta yi a kan na Adar, Adeline Masquelier a kan na Dogon Dutsi a 2001. Ko mutum yana ƙyamar bori ko ba ya yi, majinyaciyar da za ta zauna a gabansa da wannan harshe za ta faɗi ciwonta. A Dakar, Henri Collomb da abokansa na asibitin Fann sun kafa mujalla a kan taɓin hankali a Afirka tun 1965; a Abekuta, Thomas Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a cikin gidajen ƙauyen Aro tun 1954. Rumbu cike yake da hatsi, mabuɗi ne ba a bayar ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ta masu jin sun waye ce: wai yanzu komai yana cikin salula. Lalle komai yana ciki, har da shara. Akwai mujallun bogi da suke buga duk abin da aka aika musu cikin ƴan kwanaki muddin an biya, ba tare da wani masani ya duba ba. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma, an sami sabon maƙaryaci mai ladabi, wanda yake iya ƙaga sunan marubuci da na mujalla da lambar shafi, duk babu su a duniya. A 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5,000 don sun gabatar masa da hukunce-hukuncen da injin ya ƙaga. Can alƙali ya bincika. Nan wa zai bincika?

Abin mamaki, sana'ar da ake magana a kanta ba ta fi ƙarfin ɗan shekarar farko ba. Ya iya mai da tambayarsa kalmomi uku ko huɗu na nema, da Faransanci da Ingilishi, tun da mafi yawan binciken fannin da Ingilishi ake buga shi, ko an so ko an ƙi. Ya iya haɗa kalmomin da raba su don ya rage tarkace. Idan ya sami maƙala mai kyau, ya bi jerin madogararta ya koma baya, sannan ya nemi waɗanda suka ambace ta daga baya ya ga ko sun gaskata ta ko sun ƙaryata. Ya karanta sashen da ke bayyana yadda aka yi aikin kafin ya yi tsalle zuwa sakamako. Ya rubuta lambar shafi a lokacin da yake karantawa. In kuwa bai ga asalin littafi ba, ya faɗa a fili cewa ta bakin wane ya ji. Aikin zango guda ne, a gaban kwamfuta da kanta, tare da ma'aikacin ɗakin littattafai. Su ma ma'aikatan nan ba masu gadin ƙura ba ne. Akwai makarantar EBAD a Dakar da take horar da irinsu tun 1967, amma sai a bar su da rajistar aro da mabuɗin ƙofa.

Laifin kuwa ya isa kowa ya sami rabo. Malamin da yake karanto darasin da ya rubuta shekara ashirin da ta wuce, ya kuma kayar da duk wanda bai maido masa da kalmominsa daidai ba, ba zai so ɗalibi ya gano hanyar mujalla ba. Hukumomin da suka buɗe jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010 sun cancanci yabo a kan gini, amma ɗakin littattafai ba ya ƙarewa da yanke kirtani: yana son wuta, da intanet mai tafiya, da kuɗin sayen sababbin littattafai kowace shekara. Ƙungiyoyin ɗalibai ma ba su tsira ba. Ɗaliban ƙasar nan sun zubar da jini a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, kuma wannan jini yana cikin abin da ya buɗe hanyar Taron Ƙasa na 1991. Magadansu sun iya rufe hanya a kan bursu da abinci da motar safa, kuma haƙƙinsu ne. Sai dai kowa ya tambayi kansa sau nawa ya ga an ɗaga allo ana neman a bar ɗakin karatu a buɗe har dare. Babbar jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni tun 1992, masanin kimiyyar hasken rana wanda ya rubuta littafi sukutum a kan ilimi a Afirka a 1964. Zai yi kyau a ƙirga masu digirin da suka taɓa buɗe shi.

Akwai matakin da ba ya bukatar ko dala daga baitulmali, kuma kowane sashe yana iya ɗaukarsa a zamansa na gaba. Ranar kare memuwar, kafin a ba ɗalibi magana, shugaban alƙalai ya zaɓi madogara uku daga jerin da ke ƙarshen kundin, ya ce a kawo su, a takarda ko a kwamfuta, a buɗe shafin da aka ambata, a karanta a gaban jama'a. In uku sun fito, a ci gaba da biki. In ba su fito ba, a ɗage zaman wata uku, a kuma rubuta sunan malamin da ya sa hannu a kan kundin a cikin rahoton.