Kafin a ɗora wa Narambaɗa kyamara

Masu kallon finafinan Turawa sun san akwai rawar da manyan 'yan wasa ke kwaɗayin takawa fiye da ta bos ko ta ɗan soyayya: rawar mai zane wanda duniya ta yi wa zafi. A 1956 Kirk Douglas ya fito a matsayin Vincent van Gogh a fim ɗin Lust for Life, wato mai zanen nan ɗan ƙasar Holan da ya yanke kunnensa a Faransa a 1888, ya mutu a 1890 yana da shekara 37. Abin dariyar shi ne Douglas ya sha wahalar, amma Anthony Quinn da ya fito a matsayin abokinsa Gauguin shi ya tafi gida da kyautar Oscar. A 2018 Willem Dafoe ya maimaita rawar, alhali ya haura sittin.

Ed Harris kuwa sai da ya zauna ya koyi zane da hannunsa kafin ya yi fim ɗin Pollock a 2000, labarin Ba'amurken da giya ta cinye har ya mutu a haɗarin mota. Su ma 'yan Indiya ba a bar su a baya ba: Randeep Hooda ya zama Raja Ravi Varma a Rang Rasiya.

To me ya sa finafinan nan ke kama zuciya? Ba su ɓoye raunin gwani. Ana nuna shi da fushinsa da talaucinsa, sannan a nuna abin da hannunsa ya haifar.

A ƙasar Hausa masu zana hoton sarki da doki da baki suke yi, ba da burushi ba. Duk wanda ya je Isa ko Sabon Birni ya san sunan Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, mai Bakandamiya. Mutum ne da ya faro daga kiɗan noma ya kai ga fada. Wannan kaɗai labarin fim ne. Lokeshin ma ba sai an gina ba, ga kufan Alkalawa, tsohon birnin Gobir da ya faɗi a 1808, ga gulbi ga fadama.

Sai dai furodusan da zai ɗauki wannan aiki ya sani ba kiran jarumi mai tashe a naɗa masa rawani ba ne. Wanda zai zama Narambaɗa dole ya zauna da makaɗa ya koyi riƙon kotso, kuma bakinsa ya juya zuwa Gobirci. In ya buɗe baki da Kananci, tun a sin na farko mutanen Isa za su kashe kallon.

Sauran rina a kaba shi ne dangi. Van Gogh bai bar ɗa ba, amma makaɗanmu da sarakunan da suka yi wa waƙa suna da zuriya, su ma 'yan kallo ne. Waƙar fada ba ta rasa zambo da habaici, kuma waɗanda aka yi wa zambon su ma suna da jikoki. Daraktan da ya cire wannan don gudun rigima, bikin yabo zai haɗa na awa biyu. Wanda zai bar shi kuma, gara ya fara zuwa gaisuwa Isa tun kafin ya rubuta sin ko ɗaya.