A KANKARE FENTIN TUKUNYAR GAS A GA ABIN DA KE ƘASA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi kira ga 'yan'uwana manoma da 'yan tireda game da tsofaffin tukwanen gas da ake shafa wa sabon fenti ana kawo mana ƙauye.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, masu noman rani da yawa suka mayar da injin ban-ruwansu ya koma aiki da gas. Ga kananzir ya fi ƙarfin talaka, itace kuma ya yi wuya. Shi ya sa yau za ka ga tukunya mai kilo 6 ko mai kilo 12.5 a bayan babur, ko a motar kasuwa an cusa ta tsakanin buhunan masara da fasinjoji. To, a nan gizo ke saƙa. Wasu marasa tsoron Allah suna sayen tukwanen da suka mutu a wurin 'yan gwangwan, su cike ramukan da irin abin da masu gyaran jikin mota ke shafawa, su fesa fenti, sai ka rantse jiya ta fito daga kamfani.

Fenti ba ya riƙe gas, ƙarfe ne ke riƙewa. Tsatsa kuwa daga gindi take farawa, cikin zoben nan da tukunya ke zama a kai, inda ruwa da laka ke kwanciya. Mu da muke ajiye ta a fadama ai mun fi kowa shiga wannan haɗari. Sai ta ci ƙarfen ya yi siriri alhali sama tana ƙyalli. Don haka mai saye ya kifa ta ya dubi gindin. In ka ga fenti ya kumbura kamar ƙuraje, tsatsa ce a ƙasa. In ka ga lotsawa, ko baƙin wuta, ko wurin da mai walda ya taɓa, wallahi ka bar ta ko da kyauta ce.

Sannan a duba rubutun da aka buga a jikin mariƙinta, akwai shekarar da aka ƙera ta da nauyinta in babu gas a ciki. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, ta ce tukunya shekara 15 take yi, kuma a riƙa gwada ta duk bayan shekara 5. Fenti mai kauri yana binne wannan rubutu, wani ma da gangan ake binne shi. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da yaronsa.

Ni a ganina, duk tukunyar da aka sake wa fenti bai kamata a ɗura mata gas ko a loda ta a mota ba sai an kankare an ga ƙarfen da ido. Amma fa ba aikin gida ba ne. Kada wani ya ji haka ya ce zai babbake fentin da wuta ko ya sa injin gurza ƙarfe. Tukunyar da ake cewa ta ƙare, da saura a ciki, tartsatsi ɗaya ya isa. Wuta kuma tana kashe ƙarfin ƙarfe. Masu sana'ar sai sun zazzage gas ɗin kaf, sun cire kan, sannan su kankare, su gwada ta da matsin ruwa kafin su sake fenti. Na san wani zai ce wannan ƙarin kuɗi ne ga talaka. Gaskiya ne, amma kamfanonin da ke cin ribar gas su ya kamata su ɗauki nauyin, su karɓi tsohuwa su ba da lafiyayya.

Ba mu manta da abin da ya faru a Sabon Tasha ta Kaduna ba a watan Janairu na 2020, inda gas ya tashi a wani shagon ɗuri, har Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, ya rasa ransa. Wannan fa a birni ke nan inda ake da 'yan kwana-kwana. Ina ga ƙauyen da sai an yi tafiyar awa guda kafin a kai asibiti?

Ina kira ga SON da hukumar NMDPRA su riƙa leƙowa kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, ba birane kaɗai ba. Shugabannin tasha kuma su hana kwantar da tukunya a but ɗin mota a rufe, a tsaye ake ɗaukarta, a ɗaure, inda iska ke shiga. Masu ɗuri su daina cika ta maƙil, domin gas yana kumbura in ya sha rana. In an kai gida, a shafa ruwan sabulu a bakinta, in ya yi kumfa tana yoyo, a fitar da ita waje. Ban da ashana.



Naka,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Jihar Kano.