Farin Nama, Baƙar Wahala

Saniya ba ta ba da nono sai ta haihu, kuma kusan rabin abin da take haifa maza ne. A manyan gonakin madara na Turai, ɗan maraƙi namiji kaya ne a wuyan mai gona: ba zai yi nono ba, irinsa kuma ba na ƙiba ba ne. Daga nan aka samo sana'ar farin naman maraƙi, wanda ake ji da shi a gidajen cin abinci na Faransa da Italiya.

Yadda ake samun farin nan ne ya tsaya mini a rai. Ana raba maraƙi da uwarsa kwana ɗaya ko biyu da haihuwa. A da, sai a kulle shi cikin akwatin katako wanda ko juyawa ba ya iya yi, don kada naman ya yi tauri. A hana shi ciyawa, a riƙa ɗura masa madarar da aka rage wa sinadarin ƙarfe da gangan, har jininsa ya yi ƙasa. Farin da mai kuɗi yake yabawa a faranti, ciwo ne aka dasa wa dabba.

An yi gyara, ban musa ba. Birtaniya ta haramta akwatin a 1990, Tarayyar Turai ta kammala nata haramcin a 2007. Dokar Tarayyar ta ce a ba maraƙi dakashi cikin sa'o'i shida na farko, kuma da ya wuce mako takwas a haɗa shi da 'yan'uwansa. Mutanen Kalifoniya ma sun kaɗa ƙuri'ar hana irin wannan tsarewa a 2008.

Sai dai wahalar ba ta ƙare ba. Har yau ana loda maruƙa 'yan makonni kaɗan a manyan motoci daga Ailan, a tsallaka teku da su daga tashar Rosslare zuwa ta Cherbourg a Faransa, tafiyar sa'o'i 17 ko fiye ba shayarwa, sannan a wuce da da yawansu Holan a turke su, a yanka kafin su cika wata takwas.

Wani zai ce ina ruwanmu. Da ruwanmu. Yawancin madarar garin da mai shayi yake zuba mana daga waje ake shigo da ita, Holan da Ailan kuwa suna cikin masu sayar mana. Ga shi kuma Najeriya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, ana ta maganar shanun waje da gonakin zamani.

A ruga, sai maraƙi ya fara tsotsa kafin saniyar Bunaji ta saki nono. Ba na cewa can aljanna ce, da rani maraƙi da mai tatsa suna rububin nono ɗaya. Amma yana tare da uwarsa. Shanun waje suna sakin nono ba tare da ɗa ba, saboda haka ba abin da zai kare shi sai doka. A rubuta ta tun kafin gonakin su yawaita: a fayyace kwanakin da zai sha nono, da faɗin wurin kwanansa, da makonnin da zai kai kafin a loda shi a mota.