Hutun Bakin Teku da Zauren Gado

A gabashin Afirka akwai wani tsibiri mai suna Zanzibar, cikin ƙasar Tanzaniya. Tsohon garinsa da dutsen teku aka gina shi, benaye ne jere cikin matsattsun lunguna, ƙyamarensu duk sassaƙa. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Masu gidajen sukan gyara tsohon bene, su keɓe sashe guda, watau ɗaki da falo da madafa, su ba baƙo haya, ya yi kwanakinsa yana shan iskar teku. Da kuɗin hayar ake toshe tsagar bango.

Wannan dabara ce, ba mai ƙin ta. Abin ƙi shi ne halin wasu masu hannu da shuni na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mutum ya hau jirgin sama, ya biya kuɗi masu kauri don ya kwana a ginin kakan wani, ya komo yana ta yabon kaurin bango da sanyin ɗaki. Alhali kuwa zauren da kakansa ya bari, na tubali da azara, mai daurin guga, shi da kansa ya sa aka rushe, aka ɗora bulo da kwano, ɗakin da ba ya shiguwa da rana in bazara ta kama. Wani ma rushewar bai yi ba, yaɓe kawai ya hana, indararo ya karye, damina uku ta gama aikin. Magina kuwa sun tsufa, 'ya'yansu sun koma kwaɓa siminti.

Akan ce ai rashin zaman lafiya ne. Lalle akwai shi, ba wanda ya manta da daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara. Manomin da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa, gidansa ya zube a bayansa, yana da hanzari. Amma attajirin da ya rushe zaure tun ana kwana ƙofa buɗe, wane hanzari gare shi? Kuɗin tikitin jirginsa kaɗai sun isa a kira magini, a sayo azara da makuba, har a shafe bangon da farar ƙasar da ake haƙa a nan Ƙanƙara.